Dukan Bara da Dukan Jiya

Zuwa ga Baba Barasa,

Bayan gaisuwa da fatan ka isa Busia lafiya. Ni ne Lubowa, ƙanin Kiggundu, wanda ka yi wa tafinta ranar da aka tsinci gawar Ssali a bakin tafki.

Baba, a ranar ina tsaye a bakin ƙofa. Sufeton 'yan sanda ba ya jin yarenmu Luganda, ya tambaya da Suwahili ko yayana ya daki Ssali. Yayana ya ce "namukuba". Ka juya wa sufeto ka ce ya amsa, ya dake shi. To a bakinmu duka iri biyu ne. Namukuba na tuntuni ne, wanda kumburinsa ya daɗe da sacewa. Da na jiya ne, namukubye zai ce. Bara suka yi faɗa kan raga, har sun shirya. Suwahili kuwa kalma ɗaya gare shi, da ita ka haɗa bara da jiya.

Kafin a sa shi mota masunta suka ƙwace shi. Da filafili suka karya masa haƙarƙari, ƙanin Ssali ya fasa masa kunne da dutsen raga, yana cewa, "Kai mai dukan bara, ga na yau!" Yanzu yayana yana tsare, fitsarinsa jini. Ranar Litinin za a kai shi gaban alƙali. Ka zo ka gyara maganar, mu ba a sauraronmu.

Ka huta lafiya.
Lubowa

Ɗana Lubowa,

Na samu takardarka, ina gaida mahaifiyarku. Shekara ashirin ina sayar da gishiri a garinku da wannan Lugandar, ba wanda ya taɓa dawo min da kalma. Yau kai da ko aji huɗu ba ka gama ba za ka koya min? Duka ai duka ne. Kuma ka san mutanenku. In na ce na yi kuskure, kantina za su ƙona, ni ma ina ciki.

Allah ya ba shi lafiya.
Barasa

Baba Barasa,

Ina gaisuwa. Gaskiya ne ban gama aji huɗu ba, amma kunnena lafiya lau. Na lura ko kai, in kana ba da labarin matarka da ta rasu shekara goma, da wanda ya sayi gishiri da safe, ƙarshen kalma ɗaya kake ba su. Muna dariya a ɓoye, ba mu gyara maka ba saboda girma. Wannan laifinmu ne.

Jiya na kai wa Kiggundu matoke, dafaffiyar ayaba, bai iya haɗiyewa ba. Ya ce min, "Mai kunnen jemage, gaya wa tsohon ban riƙe shi a zuciya ba, amma ya yi sauri." Da dawowata na tarar an sare mana ayaba duka, an farfasa kwalekwalenmu. Kantinka ni zan tsaya a ƙofarsa, sai sun bi ta kaina.

Naka,
Lubowa

Baba,

Gaisuwa. Kiggundu ya cika yau da hantsi. Dangi sun ce ba za a binne mai kisa kusa da kakanni ba, gawar tana ɗakin Mama. Ba alƙali kuma, dattawa ne za su zauna jibi kan maganar binne shi. Ka zo duk da haka.

Lubowa