Kuɗin Dubiyar Bashari Ba Albashi Ba Ne

Zuwa ga Alhaji Shugaban Kwamitin Gasar Ƙwallon Ƙafa ta 'Yan Kasuwar Afirka ta Yamma mazauna Guangzhou, da sauran 'yan kwamiti masu daraja.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan an yi sallah lafiya, Allah ya karɓi ibadunmu, ya maimaita mana. Ni ne Kabiru, mai horar da ƙungiyar Dengfeng, wanda ke lodin kayan gyaran babur zuwa Kano. Alhaji ka san ni, don ba a daɗe ba na zauna a kujerar ofishinka.

Bari in fara da albishir, don shi ne ya fi cika min ciki. An yi wa ɗan wasanmu Bashari aiki na biyu a ƙafa, kuma an dace. Likita ya ɗaga hoton ƙashin ya nuna mana inda ya haɗe. Makon jiya Bashari ya sauko daga gado da sanda, ya taka har bakin taga ya dawo. Wallahi Alhaji, sai da na fita baranda don kada ya ga idona. Asusun jinya na gasa ne ya biya kuɗin aikin, na kuma gode, Allah ya saka da alheri. Tun watan da aka yi Olamfik ban yi barci mai daɗi irin na wannan makon ba.

To me ya kawo wasiƙa, kuma a bainar jama'a? Dalili shi ne, hukuncin da kuka yanke mana da lasifika aka karanta shi a filin Tianhe, gaban ƙungiyoyi da 'yan kallo. Janye shi kuwa a waya aka gaya min, ni kaɗai. Shi ya sa zan manna wannan takarda a gidajen abinci na unguwannin Xiaobei da Dengfeng, inda aka yi ta maganar. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Na farko, dokar kanta. Ba ni da faɗa da ita, ina cikin waɗanda suka ɗaga hannu ranar da aka kafa ta. Kowa ya tuna shekarar da wani attajirin dillalin kaya ya kwaso tsofaffin ƙwararru ya zuba a ƙungiyarsa, suka riƙa yi wa mutane ruwan ƙwallaye har ƙungiyoyi suka fara janyewa. Sai aka ce daga yau duk abin da ƙungiya ko magoya bayanta za su ba 'yan wasa kada ya wuce yuwan dubu goma sha biyu a wata. Aka kuma ce asusun jinya na wanda sunansa ke cikin rajista ne kawai. Doka ce mai kyau. Sai dai ranar da muka rubuta ta duk lafiyarmu ƙalau, babu wanda ya tambaya yaya za a yi idan ɗan wasa ya kwanta.

Na biyu, abin da ya sami Bashari. Ga wanda bai san shi ba, shi ne mai lamba goma, mai raba ƙwallo, wanda duk wasanmu ta ƙafarsa yake bi. Da rana yana gyaran waya a wani shago a Dengfeng, ran Lahadi kuma shi ne ƙungiyar. Ana saura kaɗan a buɗe Olamfik suka yi karo da wani ɗan bayan ƙungiyar Ghana, ƙwaurinsa ya karye gida biyu. Babu mugunta a ciki, tsautsayi ne. Aka sa masa ƙarfe, daga baya likitoci suka ce ƙashin bai zauna daidai ba, sai an sake buɗewa, in ba haka ba zai ƙare rayuwarsa yana ɗingishi. Tafiya gida ba ta taso ba. Kowa ya san yadda biza ta yi wuya a lokacin, wanda ya fita bai san ranar dawowa ba, ga shi ba a hawa jirgi da ƙafa a wannan hali.

A cikin dubu goma sha biyun nan, dubu biyu na Bashari ne, kuma doka ta ce ana lissafa su ko yana kwance. Mun nemi wanda zai maye gurbinsa, a lokacin da rabin 'yan ƙwallon garin nan sun koma gida. Da ƙyar muka sami Isufu, mutumin Damagaram, ƙafarsa da kyau, ya ce a ba shi dubu ɗaya da ɗari biyar. Babu gurbin kuɗin sai an cire Bashari daga rajista. In an cire shi kuwa, asusun jinya ya fita daga kansa, aiki na biyu ya tafi. Muka zauna da 'yan wasa bayan la'asar, ba a ɗauki lokaci ba aka ce Bashari yana nan, Isufu ya yi haƙuri.

Kun ga wanda ya sa rigar lamba goma tun daga ranar. Ni ne, da shekara arba'in da uku da teɓata, tunda ni ba a biya na ko sisi. 'Yan kallo suna ta ihun da tsohuwar zuma ake magani, ni kuwa na san zumar nan ta daɗe da tsami. An ci mu sau uku, mun yi canjaras sau ɗaya. Ranar da muka ci wasa ɗaya tilo, ƙwallon a gwiwata ta bugu ta shiga, ban ma gan ta ba. Duk ranar Litinin da man zafi nake zuwa wajen lodi, in zan yi sujada sai na dafa bango. Ban kawo wannan a matsayin ƙara ba. Mu muka zaɓa, kuma da za a sake, haka za mu sake zaɓa.

Na uku, kuma nan ne ƙorafina yake. Ana wata ga wata. Wani ya kai muku rahoto cewa magoya bayanmu suna ba Bashari kuɗi a asibiti ta bayan fage. Ba ku kira ni ba, ba ku tambayi kowa ba. Sai ji muka yi a lasifika cewa ƙungiyar Dengfeng ta ƙetare iyaka, an ba mu zuwa Juma'a mu zaɓi ɗaya cikin uku: mu cire Bashari, ko a kore mu daga gasa, ko a mayar wa kowa abin da ya bayar, har da kuɗin abinci. Biyun farko duk abu ɗaya ne a wajen ƙafarsa, gaba kura baya sayaki.

Alhaji, mene ne wannan kuɗin bayan fage? Dubiya ce. Mutum ya taso daga shagonsa, ya hau jirgin ƙasa, ya zo ya ce sannu, ya jiki, in zai tafi ya dunƙule abin da Allah ya hore masa ya tura ƙarƙashin matashi. Haka ake yi a Fagge inda aka haife ni, haka ake yi a zangon Kumasi inda aka haife ka. Abincin kuma, ka san na asibitin nan ba namu ba ne, in ba a kawo masa daga waje ba sai dai ya kwana da shayi. Da Basine ɗan ƙasar nan ne ko Bature ya yanke wannan hukunci, da na ce bai sani ba. Amma kwamitin nan babu wanda ba a taɓa kai wa uwarsa dubiya ba.

Na huɗu, abin da na yi, don ku san abin da hukuncinku ya jawo. Na zaɓi na ukun, tunda shi kaɗai ne ya bar masa aikinsa. Na tsaya a ƙofar ɗakin majinyata ina mayar da mutane da kulolinsu. Dattawa masu furfura, in tare su in ce su yi haƙuri, su gaishe shi daga nesa. Na karɓi abin da ya rage a hannun Bashari, na ce masa ajiya zan yi, don ban iya gaya masa gaskiya ba. Na cika da nawa, na shiga hawa benaye ina neman masu kyauta.

Wa yake rubuta dubiya? Babu. Dole sai na tambayi kowa da bakina nawa ya bayar. Alhaji, ka taɓa tambayar Bahaushe nawa ya ba majinyaci? Wasu suka ce sun manta. Wasu suka ɗauka zolaya nake. Wani dattijo ɗan Maraɗi mai canjin kuɗi ya dube ni sama da ƙasa, ya tambaye ni ko a garinmu ana mayar da hannun kyauta baya, sannan ya juya min ƙeya, har yau gaisuwarmu ba ta koma daidai ba. Laoban, wato maigidan shagon taliyar nan, Basine musulmi na bakin titinmu, wanda kullum yake aika wa Bashari romo, na ajiye masa kuɗi a kan teburi, ya biyo ni har titi yana meyo, meyo, wato a'a da yarensu, ya cusa min su a aljihu. Ɗan wasan Ghanan da suka yi karo, shi ma ya kai tasa dubiyar, da na je masa sai ya zaci Bashari ne ya ƙi yafe masa. Na daɗe ina rantse-rantse kafin ya yarda. Na yi shekaru ina bin bashi a garin nan, ban taɓa jin kunya irin ta waɗannan kwanaki ba.

Ranar Alhamis na hau ofishinka a Xiaobei. Ba don in kunyata ka na zo ba, dokarka na bi, domin kai ma kana cikin jerin. A makon farko ka zo asibiti, ka yi wa Bashari addu'a mai tsawo, ka tura hannu ƙarƙashin matashi. Ina ɗakin. Bayan ka fita ya ciro jajaye uku, yuwan ɗari uku, ya yi ta sa maka albarka. Su na ajiye a kan teburinka, na gaya maka ko na mene ne. Ka daɗe kana kallonsu ba ka taɓa ba. Daga baya ka ce in ɗauke, murya ƙasa-ƙasa. Kafin magariba sakatarenka ya kira ni ya ce an janye hukunci.

Na yaba maka a kan wannan, kuma ina so jama'a su sani. Ba kowane babba ne zai ga kuskurensa a kan teburi ya gyara a ranar ba. Wani da sai ya kafe, ƙafar bawan Allah ta tafi a banza. Cikin azumi aka shiga da Bashari ɗakin tiyata sunansa na cikin rajista, alhamdu lillahi.

Ga buƙatuna, kuma ba su da yawa.

Ɗaya, a rubuta a cikin doka ƙarara cewa dubiya, da gudummawar biki ko suna ko rasuwa, ba albashi ba ne. Wanda yake son ya yi maguɗi da sunan dubiya ba zai ɓoyu ba, garin nan ƙarami ne a wajenmu.

Biyu, idan likita ya tabbatar ɗan wasa ya kwanta, a ɗauke alawus ɗinsa daga lissafi har ya warke, sunansa kuma ya zauna a rajista. Kada a sake sa wata ƙungiya ta zaɓa tsakanin maki uku da ƙafar mutum. In an yi haka kafin zagaye na gaba, Isufu yana nan yana jira, ni kuma in koma benci inda Allah ya ajiye ni. Gwiwoyina ma suna roƙonku.

Uku, kafin a karanta sunan kowa a lasifika, a kira shi a ji ta bakinsa. Janyewar nan ma a karanta ta a filin Tianhe ran Lahadi, da lasifikar da aka karanta hukuncin.

Na ƙarshe ba na kwamiti ba ne, naka ne kai kaɗai, Alhaji. Kwanakin da na hana mutane shiga, Bashari yana kwance yana kallon ƙofa, ya zaci an gaji da shi ne. Daga baya labari ya kai masa yadda aka faɗe shi a fili, cewa yana karɓar kuɗin bayan fage. Ƙafa ta warke, wannan bai warke ba. Yanzu in mutum ya miƙa hannu wajen matashinsa sai ya riƙe hannun. Shekaranjiya matar wani abokinmu ta aiko masa da kunun gyaɗa, ya ƙi buɗe filas ɗin sai da ya kira ni a waya ya tambaya ko an yarda ya sha. Mutumin da bai ci na kowa ba, yana kwance a ƙasar da ba tasa ba, yana neman izinin shan kunu. Na gaya masa an janye, bai sake ba, don ni ne na taɓa ce masa ajiya zan yi. Daga bakinka kawai zai yarda.

Don Allah ka je ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Ba sai ka yi dogon jawabi ba. Ka tafi da kwanon abinci, ka zauna a bakin gadonsa, ka sa hannu ku ci tare.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya yi wa dukiyarka da zuri'arka albarka, ya sa kwantenoninka su isa gida lafiya. Allah ya ba kwamiti ikon yin adalci, ya ba majinyatanmu sauƙi, na nan da na gida. Allah kada ya kwantar da ɗayanmu a inda babu mai leƙo shi.

Wassalam.

Naka,
Kabiru,
mai horar da ƙungiyar Dengfeng, kuma mai lamba goma na dole.