Gonar Kwaɗi

Zuwa ga mahaifina, Malam Abdu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin rahamar Ubangiji, ni ce ɗiyarka Hadiza, daga Lamorde, nan Yamai. Na san takarda ba ta isa inda kake, amma maganar ta cika mini ciki, kuma kai ka ƙulla ta.

Ka tuna ranar da ka tara mu gindin gawon gona, ni da Yaya Isufu da Sani, ga mai gari ga liman? Ka ce ka ga yadda 'ya'yan ƙanenka suka ja juna gaban alƙali tun ba a yi sadakar arba'in ba, kai ba za ka bar mana wannan abin kunya ba. Ka raba gonar da ranka, ka auna da ƙafarka, ka bi iyaka kana dasa gamba. Yaya ya samu tudun gabas, Sani na yamma. Ni ka ba ni ɗan kwarin nan da ruwa ke kwanciya, inda hatsi ke ruɓewa kowace damina. Sani ya ce an ba madam ta lakwal, wato ni malamar makaranta, gonar kwaɗi. Har da ni a dariyar.

Da suka watse ka riƙe ni. Ka ce, "Rabon ɗiya mace shi ake fara cinyewa. Ki yi mini alkawari ba za ki sayar ba, ba za ki ba ɗayansu ba, ko aro. Aron gona tsakanin 'yan'uwa, in ya shekara uku ya zama gado." Na ɗauki alkawarin ba tare da jin nauyi ba. Wa zai roƙi gonar kwaɗi?

To Baba, damina biyu ke nan sama ta hana. Tudun gabas da na yamma sun koma rairayi, rumbunan da ka gina ko ɓera ya daina leƙa su. Duk faɗin gonarka, kwarina kaɗai ake haƙa kamu huɗu a tarar da ruwa. Sojojin da ke mulki kuma sun ce kowa ya kama noman rani, rediyo na ta nanatawa ƙasa ta mai nomanta ce. Mai gari ya aiko cewa in ba wanda ya shiga kwarin, za a ba wani bare.

Na so in je da kaina. Sau biyu ina kai takardar neman izni, shugaban lakwal ya ce yanzu ma'aikaci ba ya barin wurin aikinsa, shi ma tsoron sojojin yake ji. Ina tsaye gaban allo da alli a hannu, hankalina na garinmu can ƙasar Maradi.

Yaya Isufu na gidana wata guda ke nan. Mutumin da ka sani, wanda ba ya cin tuwon gidan ƙane, na hango shi bakin kasuwar Fiti Marshe yana dakon buhun albasa, yana waige kada sojoji su kwashe shi a babbar mota kamiyo su mai da shi ƙauye da sauran 'yan gudun yunwa. Na juya na bi wata hanya don kada mu haɗa ido. A gida kuwa ya ce shi ne babba, shi ya kamata in ba kwarin. Sani kuma ya aiko direban motar garinmu da saƙo: kwarin da gonarsa yake maƙwabtaka, in na ba Yaya in cire shi daga 'yan'uwana. Su biyun ko gaisawa sun daina.

Ina jin haushinka, Baba, ban ɓoye maka ba. Ka kawar mana da rigima, ka tattara ta ka aza a kan wadda ka fi tausayi. Amma in na tuna yadda ka duƙa kana danna gambar nan da hannunka, sai haushin ya koma kuka. Yaya ya ce ko saiwarta babu yanzu, mata sun tone sun ba awaki.

Jibi motar garinmu za ta tashi, dole in ba da amsa. Na juya maganar ta kowane gefe, ba yadda zan yi ban saɓa wa ɗayanku ba: kai, ko Yaya, ko Sani. Na duba cikinku uku, kai kaɗai ne ba ka jin yunwa.

Zan ce su shiga su biyu. Na san abin da ka faɗa zai faru, kwarin ba zai dawo hannuna ba, wataƙila ma su ƙare gaban alƙalin da ka guje musu. In za su yi faɗan, su yi shi da ƙoshi.

Ka yafe mini. Allah ya haskaka makwancinka, ya sa ka huta da abin da mu ba mu huta da shi ba, ya saukar mana da ruwa.

Ɗiyarka da ta karya alkawari,
Hadiza