Shamuwa Mai Jan Tabarau

Zuwa ga ƙanena Zdravko,

Gaisuwa mai yawa, da fatan sanyin Norway bai ƙarasa daskarar da kai ba. Ga katin watan Maris na bana, da zarensa fari da ja kamar kowace shekara, bisa al'adar garinmu. Ɗaura zaren a hannu, ranar da ka ga shamuwar farko ka kwance ka rataya a bishiya. Na san za ka ce can babu shamuwa, shi ya sa na yanka maka ta takarda: jan tabarau, takalmin rawa, ƙyalƙyali har baki. Matar limamin coci ta ce abin kunya ne, sannan ta ɗauki irinta uku.

Na yi mafarki duk shamuwoyin da na taɓa mannawa sun tashi daga akwati sun nufi arewa, ƙyalƙyali na zuba kan rufin gidaje. Ina kewarka.

Yayarka,
Nevena

Yaya Nevena,

Ina gaishe ki da girmamawa. Shamuwar takarda ba ta kwance zare, ke ma kin sani. Zarurrukan shekarun nan duk suna ɗaure a ƙarfen gadona, sun koɗe, har abokan aiki a masana'antar kifi suna ce mini boka.

Amma Yaya, bana kan shamuwar yana ƙasa, tabarau ɗin kuma a wutsiya. Ke da a da kike murɗe mini kunne in na manna tauraro a karkace? Faɗa mini gaskiya.

Naki,
Zdravko

Zdravko, sarkin sa ido,

Ina amsawa. Maƙwabciyata Tsvetanka ce ke rubuta wannan. Idona na tafiya, komai kamar ta cikin madara nake hango shi. Launi da walƙiya kawai suka rage mini, shi ya sa nake zuba ƙyalƙyali ba awo.

Nawa zaren ma yana hannuna. An ce shamuwoyi sun dawo kan bututun hayaƙin gidanmu, ina jin ƙwas-ƙwas ɗin bakinsu, amma ji ba gani ba ne, ni kuma ba zan kwance da ƙarya ba. Tsoro nake ji, gaskiya. Duk da haka kada ka taso saboda ni.

Ka huta lafiya,
Nevena

Yaya,

Gaisuwa a gurguje. Tsvetanka, karanta mata da ƙarfi. Yaya, kada ki taɓa zaren nan. Ina tafe ranar Asabar da nawa zarurrukan gaba ɗaya. Ni zan ɗaga kai in gani, ke ki ɗaura a bishiyar tuffar Mama. Idona zai ishe mu mu biyu.

Ƙanenki,
Zdravko