Faɗan Mama da Cutar Gwaza

Mama,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya ƙafar Baba? Yaya Pelenato? Yaya gona? Ni lafiya lau nake. Tarin da kika ji a waya sanyin Canberra ne kawai.

Kin san aikina: tsara wa kwamfuta ƙa'idoji irin na nahawu, don ta karanta rubutun halittar cutar da ke ƙone mana ganyen gwaza. Tun zuwana kwamfutar ta ƙi ganewa, har malamata ta fara zancen in koma gida. Ban gaya miki ba.

Sai ranar da kika yi min faɗa a waya: "Ke in an ce savali, sai ki kama savalivali! Tafiya aka aike ki, ba yawo ba." Ina ajiye wayar na gane: ashe cutar ma maimaita gaɓa take yi a rubutunta, ma'ana ta sauya, kamar yarenmu na Samoa. Na ƙara wannan ƙa'idar, kwamfuta ta karanta tsaf.

Yanzu malamata ta ce in zauna in ƙarasa. Wato bana ma ba zan ci Kirsimeti a gida ba. Na gode, Mama, Allah ya bar mana ke. Ki ajiye min wurina kusa da ke a coci.

'Yarki,
Leitu