Bututun Tagulla na Tsohon Gidan Waya

Cincinnati, Lahadi

Geneva, uwargidana,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ƙugun ya yi sauƙi, kuma kin rage yi wa 'yan matan nan masu jinya tsawa. Ki gaishe su, suna ƙoƙari da ke.

To, na iso. Tunda kin rantse ba za a yi asarar kyautar da 'yarmu Corinne ta yi mana ta cikar aurenmu shekara hamsin ba, ga ni a otal ni kaɗai kamar gwauro, ke kuma kina Dayton a gidan jinya. Kin san kunnena da tarho ba sa shiri, don haka takarda za ki riƙa samu kullum, kamar zamanin da nake nemanki.

Geneva, ba za ki gane gidan wayarmu ba tun da aka mayar da shi otal ɗin nan. Ginin yana nan, dutsen yana nan, amma sun wanke shi har sai da na ji kunyar takalmina. Wani dattijo mai jar kwat ya buɗe mini ƙofa yana cewa, “Barka da zuwa, yallaɓai.” Na waiga in ga yallaɓan, ashe ni ne. Babban zauren da muke rarrabe wasiƙu ya koma wurin cin abinci, an jera fararen tebura ƙal daidai inda buhuna suke zubewa. Tagar da kike sayar da kan sarki tana nan da sandunanta na tagulla, amma yanzu kofi ake miƙowa ta ciki. Na sha kofi biyu a wurin ba don ina so ba, don dai in tsaya inda na saba tsayawa in dame ki.

Ɗakina yana bene na biyar, inda ofishin manya yake a da. Ni da ban taɓa hawa nan ba sai in an kira ni faɗa, yau ga ni kwance a ciki da farar rigar wanka, ina kallon kogi. Gadon zai ɗauki mu biyu da Corinne da mijinta, a samu ragowa. Har cakulan suke ajiye wa mutum a kan matashi. Na ɓoye miki naki a aljihun kwat, in bai narke ba. Abincin kuwa akwai daɗi, sai dai ana zubo shi kamar za a ba kyanwa, don haka da yamma na sulale zuwa shagon kan kwana na ci taliya da miyar nama irin tamu.

Gaskiya ina jin daɗi, ba zan ɓoye miki ba. Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai, maganar da kika yi ranar da zan taho, wai ke kin gama tafiya a duniya, nan gidan jinya za ki zauna, in sa gidanmu a kasuwa. Likita ya ce ƙashin ya haɗe, tashi kawai ya rage miki. Ban amsa miki ba a ranar, kuma yau ma ba zan amsa ba. Ki dai sani ban kira dillali ba.

Allah ya ƙara sauƙi.

Naki,
Rufus

*

Dayton, Laraba

Malam Rufus Tillman,

Ina gaisuwa, tunda ni an koya mini gaisuwa. Ina fata kana lafiya, ko da yake ban ga alamar wani abu na damunka ba.

Kafin ka tafi ka ce kullum zan ga takarda. Ina take? Litinin shiru, Talata shiru, yau ma mai kawo wasiƙu ya zo ya tafi. Kada ka ce mini hanya ce. Ni na ƙare ƙuruciyata a bayan tagar nan, na san abin da aka jefa a Cincinnati da yamma washegari yake kwana a Dayton. Matar da ke gadon kusa da ni, wadda mijinta ko sunansa ba ya iya rubutawa da kyau, kati biyu ta samu. Ni matar ma'aikacin gidan waya ina zaune ina kallonta tana jera su a taga.

Da farko na ce yaran nan ma'aikata ne suke jefa mini ita a akwatin wata mata. Ba su san aiki ba, ka ga yadda suke zube wasiƙun mutane a kwando ɗaya kamar kayan wanki. Na bincika, babu. To, saura kai. An ba ka gado mai laushi da masu ce maka yallaɓai, shi ke nan tsohuwa mai karyayyen ƙugu ta fita daga lissafi. Madalla. Ai dama na faɗa maka ka fara sabawa da zama kai kaɗai, ban dai zaci za ka saba tun kafin mako ya zagayo ba.

Kana shan maganin hawan jininka kuwa? Yana cikin aljihun jaka na gefe, ba na gaba ba. Kuma kada ka kuskura ka shiga bahon wankansu ba abin riƙewa, mutum ɗaya mai karaya ya ishi gida.

Maganar gida tana nan yadda na faɗa. Ka kira dillali.

Ka huta lafiya.

Geneva

*

Dayton, Laraba

Baba,

Barka da hutawa, ina fata otal ɗin ya yi maka. Mama ta ba ni takardarta in jefa, sai na saka tawa a ciki ba ta sani ba.

Baba, lafiya dai ko? Na kira otal, sun ce kana nan garau, har wai ka zama ɗan gida, kana zagayawa da baƙi kana nuna musu inda kaza yake a da. To me ya hana ka rubutu?

Amma tsaya ka ji. Ranar Litinin da aka ce mata babu wasiƙa, Mama ta ce ƙarya ne. Ranar Talata ta ce a miƙo mata sandar nan mai ƙafa huɗu, wadda ta ce ko gawarta ba za ta riƙe ba. Ta tashi, Baba. Ta ja ƙafa tun daga ɗakinta har teburin karɓar baƙi, tana haki tana zagin kowa, ta juye musu kwandon wasiƙu ta rarrabe shi ɗaki ɗaki. Yau ta je da safe, ta koma da rana. Mai gashin ƙashin da ya yi wata guda yana lallashinta ya tsaya baki buɗe, ni kuma na shiga banɗaki na yi kukana. Ita ba ta ma lura tafiya take yi ba, ita dai a nemo mata wasiƙarta.

Don haka ina roƙonka, ko mene ne dalilinka, ka ƙara yin shiru zuwa ƙarshen mako. Fushin nan ya fi duk maganin da suke ba ta. Kada ka ce na faɗa maka.

'Yarka,
Corinne

*

Cincinnati, Alhamis

Geneva tawa,

Na gaishe ki gaisuwar mai laifi. Takardarki ta same ni ina karyawa, kuma tun daga “Malam Rufus Tillman” na ajiye cokali.

Na rubuta, wallahi na rubuta, kullum. Ki zauna da kyau ki ji abin kunya. Kin tuna bututun tagullar nan mai fuskar gilashi da ya sauko daga saman bene har ƙasa, wanda manya suke zura wasiƙa ta faɗo mana a zaure? Yana nan a bakin ɗakina, sun goge shi yana walƙiya. Ni kuwa da na lasa ambulan, hannuna da kansa ya kai. Har daɗi nake ji, yau ni ne a sama, wasu ne a ƙasa.

Da na karanta faɗanki na sauka wurin shugabar otal, wata mai fara'a, Madam Delgado. Na ce mata, “Wa yake kwashe akwatin bututu? Ya yi sakaci.” Ta dube ni, ta ce, “Wane bututu, Baba?” Da na nuna mata sai ta dafe baki. Ashe tun da aka rufe gidan waya aka toshe shi a bene na biyu, ado ne kawai. Wai har da ɗan rubutu a jiki mai cewa kada a saka komai. Na ce mata wa zai tsaya karanta rubutu a kan abin da ya girme shi a aiki? Ta yi dariya har da hawaye, ni ma na taya ta, don in ban yi dariya ba kuka zan yi.

Aka kira mai gyara ya kwance gilashin. Ga wasiƙuna a tsaye a kan katako, tare da wata tsohuwar takardar alawa da mataccen ƙudan zuma. Na haɗa su duka a wannan ambulan, ban da ƙudan, kuma da ƙafata zan kai akwatin bakin titi, in tsaya har in ga motar ta kwashe.

Yanzu wata magana. Corinne ta ce kada in faɗa miki, ta kuma ce in ci gaba da yin shiru, wai fushi na sa ki tafiya. Yarinyar tana da gaskiyarta, kada ki yi mata faɗa. Amma ni ba zan iya ba. Ban taɓa riƙe wasiƙar wani da gangan ba, ba kuwa zan fara da taki ba. In za ki tashi, ki tashi don kina so, ba don na bar ki kina zaton na manta da ke ba.

Ga amsar da na hana ki. In kin ce gidan jinya za ki zauna, na yarda, zan sayar da gida. Amma ki tambaye su ko suna da ɗaki na mutum biyu, don ni na gwada zaman kaɗaici a wuri mafi daɗi a garin nan, da masu gyara mini gado da masu buɗe mini ƙofa, kuma na ƙoshi. Duk abin da na gani mai kyau sai in juya in ce “Geneva, dubi,” sai in tarar da kujera.

Ina shan maganin. Ban shiga bahon ba.

Mijinki,
Rufus

*

Dayton, Juma'a

Rufus,

Gaisuwa. Sun iso, duka, na karanta su bi da bi. Ban taɓa ganin sakarai irinka ba, kuma na gaya wa duk matan ɓangarenmu, har wadda ba ta ji sai da aka rubuta mata.

Na tambaya, suna da ɗaki na mutum biyu. Na je na duba shi da kaina, can ƙarshen baranda yake. Tagarsa wurin ajiye motoci take kallo, kuma ba za ka yi mako a ciki ba sai ka haukata ni. Ka bar dillali ya sha iska.

Likita ya ce in na ga dama gobe ma sai a sallame ni, in riƙa zuwa gashin ƙashi daga gida. Corinne za ta kawo ni wurinka da rana, mu kwana ɗaya a gadon nan naka kafin mu wuce. Ina tafiya a hankali ƙwarai, kuma in ka ce za ka riƙe ni a gaban mutane za mu ɓata. Ka dai tsaya kusa.

Kada ka ba ni amsa, ba za ta same ni a nan ba.

Matarka,
Geneva