Filin da Ba a Nomawa

Baba,

Assalamu alaikum. Na san ba mai kai maka wannan takarda, ba kuma za ka karanta ta ba. Zan dai rubuta, don na daɗe da magana a ciki.

Ina nan ƙasa mai tsarki, unguwar Ka'akiyya, a ɗakin da Hajiya Tambai ta ba ni. Har yau tuwo nake sayar wa direbobin bas a tashar Kudai, har yau ba ni da takardar zama. Jikarka Asma'u ta zama budurwa, Larabci ya kusa cinye mata Hausa.

Ka tuna lokacin da aka tura ka Yukren karatun noma, aka kai ku wani ƙauye aiki? Ka ga fili a gefen gona, ciyawa koriya shar, kowa yana kewaye shi. Ka ɗauka lalaci ne, ina Bakatsine zai ga ƙasa mai kyau ya ƙyale? Ka sa tarakta. Garma ta tono ƙasusuwa da takalman yara. Wata tsohuwa ta rugo tana kuka, tana dukan taraktar da sanda. Ita ta gaya maka cewa lokacin yaƙin duniya na biyu sojojin Jamus sun tara Yahudawan ƙauyen, maƙwabtanta, suka harbe su a bakin rami. Tana yarinya aka sa ta zuba musu ƙasa.

Baba, in ka ɗauko labarin a zaure, mutane suna dariya suna ce maka lauyan Yahudu, ni kunya nake ji. Har na taɓa ce wa ƙawayena ruɗin tsufa ne. Ka yafe mini.

Ran Juma'a muna tsintar shinkafa da matan gidan, Hajiya ta ce wai kisan da Jamusawa suka yi wa Yahudawa ƙarya ne, in ma an yi, an yi daidai. Na duba, Asma'u tana gyaɗa kai. Nan raina ya ɓaci. Na zayyane musu labarinka tas. Na ce ni ma ina kuka saboda yaran Falasɗinu, amma yaron da ke cikin ramin nan me ya yi wa wani? Shi ba rai ba ne?

Hajiya ta ba ni zuwa ƙarshen wata, ko in janye maganar a gaban matan, ko in kwashe komatsaina. Ta san marar takarda ba ta da wurin kai ƙara. Ina jin tsoro, ba zan ɓoye maka ba. To amma in ce me? In ce idonka ya yi ƙarya? Na ƙaryata ka kana raye, wallahi ba zan ƙara ba kana kabari. Ta riƙe ɗakinta, ƙasar Allah da faɗi take.

Yau muna ɗaure tukwane don tashi, Asma'u ta tambaye ni sunan ƙauyen. Ban sani ba, Baba. Ban taɓa zama na tambaye ka ba.

Allah ya haskaka makwancinka.

'Yarka mai taurin kai,
Balaraba