Tagar da Ke Kallon Gidan Mudathir

Jibiya, ranar Talata

Yaya Badaruddeen,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya. Ya aikin haƙar zinariya, ya zafin Agadas? Mu nan sai godiyar Allah. Na ba Bawa direba wannan takarda ne don waya ba ta kai inda kake, ko da tana kaiwa ma bakina ba zai iya faɗa ba.

Yaya, na sayar da rabona na gonar Baba ta hanyar Farfaru, ban ko shawarce ka ba. Tun da cinikin kan iyaka ya mutu rumfata ta koma wurin barcin awaki, ga marayu uku. Sai ga Mudathir dillali, abokin marigayi mijina, da fuskar tausayi. Ya ce gonar ta gaji, ba mai zuwa noma can, shi don zumunci kawai zai karɓa. Har addu'a na yi masa!

Wata biyu ba a yi ba sai ga manyan motoci suna sauke farantan sola gab da gonar. Wani kamfani ne zai kafa tashar wuta. Yanzu injiniyoyi da leburori sun cika gari suna neman ɗakin haya ido rufe, masu kuɗin Katsina da Maraɗi suna rububin fili. Ashe Mudathir ne ya yi ta yawo da masu awon kamfanin tun da rani. Ya sani sarai ranar da ya zauna a tabarmata ya sha ruwana. Ya zaɓar wa kansa bakin hanya, ya jibge bulo, wai ɗakuna ashirin zai gina.

Ka yafe mini. Shi kuwa wallahi ban yafe masa ba.

Ƙanwarka,
Salmatu

Jibiya, ranar Asabar

Yaya,

Sallama da fatan alheri. Bawa ya ce ka karanta takardata ka ninke, ba ka ce uffan ba. Na cancanci haka. Amma ka ajiye fushin tukuna, akwai aiki.

Na je wurin Malam Isah, limamin unguwarmu, ina kuka. Tambaya ɗaya ya yi mini: an taɓa raba gonar tsakanina da kai? Na ce ko igiya ba a taɓa ja ba. Sai ya ce to kai, Yaya, kana da haƙƙin shufu'a. Wato idan abokin gado ya sayar da rabonsa kafin a raba, ɗayan yana da ikon ya karɓe daga hannun mai saye, ya biya shi abin da ya saya kawai. Mudathir ya san farashin kowane fegi daga nan har Mazanya, amma ya manta ina da wa, don shekara shida ba a gan ka ba.

Ga abin da ya fi yi mini daɗi. Ranar ciniki, rabin kuɗin ya sa aka rubuta a takarda, don kada mai unguwa ya samu cikakken kasonsa. Da hannunsa ya sa hannu.

Ka taho kafin ya haƙa harsashi. Kada ka sauka a tasha, Bawa zai ajiye ka ta bayan gidanmu. So nake ya fara ganin fuskarka a gaban alƙali.

Taka,
Salmatu

Jibiya, ranar Litinin

Yayana,

Ina fata ka isa lafiya, Allah ya huce gajiyar hanya. Yara suna ta tambayar Kawu.

Har yau ina ganin fuskar Mudathir lokacin da alƙali ya karanta farashin da ke takarda, ya tambaye shi ko haka ne. Ya dubi mai unguwa a bencin shaidu, ya dube ni. Jira yake in buɗe baki in faɗi gaskiyar abin da ya ba ni. Na yi shiru, Yaya, har alƙali ya ba ka gonar a kan rabin kuɗin nan na takarda. Na san ba daidai ba ne, ina istigfari, amma ban yi nadama ba tukuna.

Bayan tafiyarka kwana uku ya yi yana kwashe bulonsa a kurar shanu. Na ɗauki kujera na zauna ƙarƙashin kukar Baba har aka ɗora na ƙarshe. Jiya ya aiko matarsa, wai a bar shi ya riƙa samo mana 'yan haya. Na ba ta ruwa ta sha, na raka ta har ƙofa.

Ba ka yi mini maganar gonar ba har ka tafi, kuma na gane. Yanzu duk taka ce, ba ni da ko taku ɗaya a cikinta, ni na jawo. Ba zan roƙi rabo ba. Abu ɗaya nake so: in ka tashi gini, ka bar mini ɗaki ɗaya na ƙarshe, a fitar masa da taga ta gabas. Daga nan ake hango ƙofar gidan Mudathir, can bakin gari. Ina so kullum ya fito da safe ya tarar da ni ina kallonsa.

Wassalam, ƙanwarka,
Salmatu